Wuskin filin jirgi: fara tabbatar da kwalbar tukuna

Kai yaro, ka tambaye ni yadda za ka gane ko Laphroaig Four Oak ɗin da baƙon nan ya kawo daga filin jirgi ta ci kuɗinta. Ku yaran yanzu kwali mai ƙyalli ne ke ruɗin ku. Kafin a zo maganar daɗi, fara tabbatar da cewa abin da ke cikin kwalbar shi ne aka rubuta a jikinta.

Wani mai kawo kaya ya taɓa sauke wa mashayar otal ɗin nan katan biyu, ya rantse daga shagon da ba a biyan haraji ya kwaso su. Kwalabe na gaske, kwali na gaske, amma cikinsu barasa ce mai arha da aka rina da ƙonannen sukari. Kwalaben fanko ya saya a hannun 'yan bola, ya ɗura, ya matse murfin da zafi. Da aka jera su a kan kanta, ruwan bai tsaya wuri ɗaya a wuyan kwalaben ba, dalmar murfin ta yamutse, lambar da kamfani ke zanawa a jikin gilashin kuma an kankare ta. Kuɗin bai dawo ba, mutumin ya sauya layi, manyan baƙinmu suka koma wani otal. Har gobe abin na ci mini rai. Irin wannan haɗin wani lokaci akwai metanol a ciki, mai makantar da mutum. Don haka duk kwalbar da ta ƙare, yage tambarinta kafin ta fita.

Sai ka karanta tambarin. Dokar wuskin Sikotland ta 2009 ta ce wuski mai sunan single malt sai na masana'anta ɗaya, da tsiron sha'ir kaɗai, a tace shi a tukunya, ya kwana a gangar itacen oak shekara 3 aƙalla, ƙarfinsa kada ya gaza kashi 40. Four Oak single malt ce ta Sikotland, lita 1, kashi 40, ba a rubuta shekaru ba, kenan shekara 3 kawai aka lamunce maka. Launi kuwa kada ya burge ka, doka ta yarda a ƙara kalar sukari.

Zuba mililita 25 a kofi mai tsukakken baki, ka bar shi minti 10. Ban da ƙanƙara, sanyi na kashe ƙamshi. Shinshina a hankali, bakinka a ɗan buɗe. In ka cusa hanci, barasar za ta ƙone shi, ka rasa komai. Wuskin tsibirin Islay ne, dole ka ji hayaƙin ƙasar fadamar da ake ƙonawa a busar da sha'ir, da wari irin na ɗakin magani, sannan zaƙi daga gangar da ta taɓa ɗaukar wuskin Amurka. Kurɓi kaɗan, juya shi a baki, ka lura da daɗewar ɗanɗanon bayan ka haɗiye. Na jabu zafi ne kawai, nan take ya ɓace.

Ruwa ɗigo 2 ko 3 ya isa, kashi 40 ba ya jure fiye da haka. A ganina Laphroaig 'yar shekara 10 ta fi wannan kauri a baki, zuba su gefe da gefe ka gwada. In ka gama, ajiye kwalbar a tsaye nesa da rana, don a kwance barasar na cinye toshiyar.