Dalilin da ya sa ake take wasannin ranar ƙarshe a sa'a ɗaya

Ɗana,

Saƙonka ya iso ni, kuma sai da na karanta shi sau biyu, don a karon farko dariya ta hana ni gane bakin zaren. Ka ce ƙungiyarku tana ta biyar a teburi, huɗun farko ne kaɗai za su wuce zagayen ƙarshe, saura wasa biyu, kuna da maki 52, ta huɗu tana da 54, kuma ta fi ku rarar ƙwallaye uku, wato abin da ya rage in an cire ƙwallayen da aka zura wa ƙungiya daga waɗanda ta ci. Ka yi ƙorafin an sa wasanku na ranar ƙarshe da nasu a sa'a ɗaya, ka rasa wanda za ka kalla, har kana cewa, "Baffa, wannan wace irin al'ada ce, ko dai mugunta ce kawai?" Sannan a can ƙasa, kamar mai jin nauyi, ka tambaya ko abin kunya ne ka goya wa manyan abokan hamayyarku baya, tunda su ne za su kara da ta huɗun a ranar.

Ba mugunta ba ce. Don kare irinku aka kafa ta, ku da rabonku ya rataya a ƙafar wasu. Kuma a Gasar Kofin Duniya ba a kafa ta ba sai da aka cuci wata ƙasa a gaban idon duniya.

A 1982 aka yi Gasar Kofin Duniya a Sifaniya, ina saurayi kamar kai, rediyo manne a kunne. Aljeriya ce ta zo karonta na farko, aka haɗa ta rukuni ɗaya da Jamus ta Yamma da Austriya da Chile. Jamus kuwa ita ke riƙe da kofin Turai na 1980, ba wanda ya sa Aljeriya a lissafi. Sai ga shi ta doke Jamus 2 da 1, Rabah Madjer ya ci ta farko, Lakhdar Belloumi ya ci ta biyu. Daga nan Austriya ta ci Aljeriya 2 da nema. Ranar 24 ga Yuni Aljeriya ta buga wasanta na ƙarshe, ta ci Chile 3 da 2, ta tashi da maki huɗu, don a lokacin maki biyu ake ba wanda ya yi nasara, ba uku ba. Jamus da Austriya kuma sai washegari za su kara a garin Gijon.

Ka ga inda gizo ke saƙar? Sun kwana sun tashi da lissafin a hannunsu. Idan aka yi canjaras ko Austriya ta ci, Jamus ta fita. Idan Jamus ta ci da ratar ƙwallo uku, Austriya ce za ta fita. Amma in Jamus ta ci da ɗaya ko biyu, duka su biyun sun wuce, Aljeriya ta kama hanyar gida. Minti goma da take wasa Horst Hrubesch ya zura wa Austriya ƙwallo. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Daga nan wasa ya yi ta yin sanyi har ya mutu murus: a miƙa wa na gefe, na gefe ya mayar baya, na baya ya ba mai tsaron raga. 'Yan kallo suka yi ta ihu a fitar da su, magoya bayan Aljeriya suna ɗaga takardun kuɗi suna kaɗa wa 'yan wasan. Mai sharhin talabijin na Austriya da bakinsa ya ce wa mutane su kashe akwatinsu. Aljeriya ta kai ƙara, FIFA ta ce ba a karya wata doka ba, kuma a takarda gaskiya ta faɗa, don babu dokar da ta ce dole ka kai hari. Sai daga gasar 1986 aka mayar da wasannin ƙarshe na kowane rukuni lokaci guda. Ihu bayan hari ne ga Aljeriya, amma ga na baya ya yi rana.

Akwai abin da masu ba da wannan labari suka cika tsallakewa, ni kuma shi ya fi ci mini rai. Aljeriya ta tafi hutun rabin lokaci tana cin Chile 3 da nema, ta dawo ta saki jiki aka rama biyu. Da an tashi a 3 da neman nan, ci ɗayan da Jamus ta yi wa Austriya ba zai fitar da ita ba, don da ta yi daidai da Austriya a rara, ta kuma fi ta yawan ƙwallayen da aka ci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa in mun zo lissafinku.

Ba a Gijon aka fara ba ma. A 1978 Brazil ta riga ta ci Poland 3 da 1, Ajantina ta shiga fili bayan sa'o'i tana sane da cewa sai ta ci Peru da ratar huɗu za ta kai wasan ƙarshe. Ta ci 6 da nema. Har yau ana ce-ce-ku-ce a kan wasan, ni dai ba zan ɗora wa kowa laifin da ba a tabbatar ba. Abin da ba a musu a kansa shi ne, wanda ya buga daga baya ya san adadin da yake nema, wanda ya riga shi kuwa a duhu ya yi harbi. A Ingila kuma, a 1977, an jinkirta take wasan Coventry da Bristol City da 'yan mintuna saboda cunkoson 'yan kallo. Ana 2 da 2 sai labari ya zo cewa Sunderland ta sha kashi a hannun Everton, canjaras ya ishi kowa ya tsira. Suka ƙarasa sauran mintunan suna gara ƙwallo tsakaninsu, Sunderland ta faɗa rukuni na ƙasa. 'Yan mintuna kacal, ba kwana guda ba. Shi ya sa za ka ga a ranar ƙarshe ana ƙoƙarin a busa usur ɗin farko a tare, a kuma dawo daga hutu a tare.

Kada ka ɗauka al'adar ta toshe kowace kafa. A gasar Turai ta 2004 an buga a sa'a ɗaya, amma kowa ya sani tun kafin a fara cewa in Sweden da Denmark suka yi 2 da 2, Italiya ta fita ko da ta ci Bulgeriya. Haka kuwa aka tashi, Sweden ta farke ana dab da tashi, Italiya ta koma gida ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Ba a kama kowa da haɗa baki ba, kuma wanda ya kalli wasan ya ga an yi gumi. Ga kuma waya a aljihun kowa yanzu. A 2018 Poland tana cin Japan 1 da nema, sai benci ya ji Kolombiya ta zura wa Senegal. Japan ta daina neman ramawa, ta yi ta juya ƙwallo a gidanta wajen minti goma, don ta yi daidai da Senegal a maki da rara da yawan ƙwallaye, har wasan da suka yi da juna 2 da 2 ne, abin da ya rage katin gargaɗi ne: Japan huɗu, Senegal shida. Mutane sun zage su, ni ma ban ji daɗi ba, amma ban haɗa su da na Gijon ba. Caca suka yi. Da Senegal ta farke a can, da sun fita da kunya. Wannan fargabar ita ce ribar buga wasa a tare: ko ka ji labari, ba ka da tabbas har sai an tashi a ɗaya filin.

To, mu zo kan naku. In kun ci duka biyun kuna da 58. Idan ta huɗu ta sha kashi ko da sau ɗaya, iyakarta 57, kun wuce. Idan ta ci duka biyun, 60 ke nan, sai haƙuri. Wurin da ake karya zuciya shi ne ta ci ɗaya ta yi canjaras ɗaya, ku haɗu a 58. Nan rarar nan ta uku za ta tashi ta zama huɗu aƙalla, don nasarar tata ta ƙara mata. Ke nan sai ratar wasanninku biyu ta kai huɗu kafin ku kamo ta, biyar kafin ku wuce, in da ƙwallo ɗaya ta ci. Ka ga dalilin da na ce ka riƙe zancen Aljeriya. A wasan makon nan, in kuna gaba da biyu, kada ka yi murna kocinku ya fara cire 'yan gaba yana tsaron gida. Ƙwallo ta uku da ta huɗu su ne maki na ɓoye. Amma kafin ka kwana a kan wannan lissafi, ka duba dokar gasarku. Ba ko'ina ake fara duba rara ba. A Ingila ita ce gaba, a Sifaniya kuwa sakamakon karawar ƙungiyoyin biyu da juna ake fara dubawa. In komai ya zo daidai, wani wurin har ƙuri'a ake jefawa. Haka Gini ta wuce Mali a gasar Afirka ta 2015, ba a fili ba.

Idan kuka yi canjaras ɗaya, 56 ke nan, sai ta huɗun ta kasa cin ko wasa guda. Yana faruwa, amma ni ba zan ɗora rai a kai ba.

Tambayarka ta biyu ba ta buƙatar dogon zance, ko da yake na ga ita ta fi damunka. Babu kunya a ciki. Ba ka canja riga ba, nasararku kake so ta hanyar ƙafarsu, minti casa'in ne a tashi kowa ya kama gabansa. Magoya bayan Barcelona sun yi wa Tenerife addu'a shekara biyu a jere, 1992 da 1993, ta doke Real Madrid a ranar ƙarshe kofi ya faɗo musu. Abin da nake ƙyama shi ne akasin haka, mutum ya so ƙungiyarsa ta faɗi don maƙwabci ya rasa. A 2010 magoya bayan Lazio sun yi ta murna a filinsu Inter tana cin su 2 da nema, don kawai kada Roma ta ɗauki kofi. Wataƙila magoya bayan abokan hamayyar taku ma haka za su so a ranar, kuma kocinsu yana iya hutar da manyan 'yan wasansa tunda ba abin da yake nema. In ya yi, ka ji haushi, amma kada ka ce an sayar da wasa sai kana da hujja. Wannan kalmar tana da nauyi, yaran yanzu kun mayar da ita kamar gaisuwa.

Batun wanda za ka kalla kuwa, naku za ka kalla. A zamaninmu rediyo biyu muke ajiyewa, ɗaya a ƙure murya, ɗaya a sa yaro ya kanga a kunne, in ya zabura mu san an ci a can. Ko 'yan wasa haka suke yi. A 2022 Koriya ta Kudu ta ci Portugal 2 da 1, aka tashi, suka taru a tsakiyar fili sun yi da'ira suna leƙen waya, don wasan Uruguay da Ghana bai ƙare ba, kuma ƙwallo ɗaya tak daga Uruguay za ta fitar da su. Sai da aka busa can a 2 da nema suka ɓarke da ihu. Kai ma ka ba ƙaninka wayar ya zauna kusa da kai, ka ce kada ya buɗe baki sai an ci. Kuma tukuna ma, akwai wasan makon nan a gabanku. In an tashi ka kira ni mu sake lissafin, ka gaishe mini da mahaifiyarka.

Baffanka