Tambaya da Amsa: An Sassaƙe Mangwaron da Mahaifina Ya Dasa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Malam, akwai wata bishiyar mangwaro a bayan gidanmu wadda marigayi mahaifina ya dasa fiye da shekara 30 da suka wuce. A watan Nuwamba muka yi tafiya ta mako biyu ni da iyalina, da muka dawo sai na tarar an sassaƙe ɓawonta a daidai gwiwa. Tsawon raunin ya kai taƙi ɗaya da rabi, kuma an kusa zagaye ta gaba ɗaya, in ban da wani ɗan ɓangare mai faɗin tafin hannu biyu ta wajen katanga, inda hannu ba ya shiga sosai. Yau wata biyu ke nan, ganyenta kore shar, har ma ta yi huda fiye da ta bara. Wasu sun ce in shafa baƙin mai, wasu sun ce kashin shanu da laka. Zuciyata tana zargin maƙwabcina, domin ya sha yin ƙorafi a kan rassan da suka tsallaka gidansa, kuma ya taɓa cewa saiwoyinta suna tsaga masa katanga. Shin bishiyar za ta rayu? Me zan shafa mata? Kuma ya dace in kai shi ƙara?

Daga wani mai karatu a Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa wannan bishiya ta kasance cikin abubuwan da ladansu ke isa gare shi. Zan fara da ganyen da ka ce yana nan kore shar, domin shi ne abin da ya fi yaudarar masu bishiya a irin wannan hali.

Bishiya tana da hanyoyi biyu a cikin jikinta. Ruwan da saiwoyi suka tsotso daga ƙasa yana hawa sama ne ta cikin itacen kansa, wato farin ɓangaren da ke bayan ɓawo, shi kuwa abincin da ganye ke haɗawa da hasken rana yana saukowa zuwa saiwoyi ne ta wani siririn shimfiɗi mai laushi da damshi wanda ke manne da cikin ɓawon. Wanda ya sassaƙe bishiyarka ya datse hanyar saukowa, ya bar hanyar hawa. Saboda haka ganye yana samun ruwansa kamar kullum, amma saiwoyi suna cin ajiyar da suka tara ne, kuma babbar bishiya tana iya ɗaukar watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara, kafin ajiyar ta ƙare a ga rassa sun fara bushewa daga sama. Hudar da ta yi mai yawa ma ba alamar lafiya ba ce. Abincin da ya rasa hanyar sauka ne ya taru a sama, kuma masu lambun mangwaro a ƙasashe da dama sun san haka, har sukan yi wa reshe siririn zobe da wuƙa da gangan domin su tilasta masa yin huda. Bambancin kawai shi ne nasu zoben siriri ne wanda ke haɗewa cikin makonni, naka kuwa taƙi ɗaya da rabi ne.

Abin da zai nuna maka ko za ta rayu shi ne ma'auni, ba kallon ganye ba. Ka ɗauki igiya ka zagaya bishiyar a daidai raunin, sa'an nan ka auna faɗin ɓawon da ya rage a kan igiyar. Ƙa'idar da masu kula da itatuwa ke bi ita ce, idan abin da aka cire bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na zagayen ba, bishiya takan warke da kanta. Idan ya kai rabi, takan rayu amma cikin wahala. Idan ya wuce rabi, tana cikin haɗari. Idan kuwa an zagaye ta kaf, to, mutuwa ce sai dai in an yi mata dabara. Mangwaron da ya shekara 30 yana da kauri, don haka tafin hannu biyu ba zai wuce ɗan ƙaramin kaso na zagayensa ba. Gaskiyar magana ita ce bishiyarka tana cikin haɗari, kuma wannan ɗan ɓangaren da katanga ta kare shi ne ke riƙe da ranta. Kada ka bari akuya ta goge shi, kada a ɗaura masa igiyar shanya, kada a jingina masa itacen girki ko a hura wuta kusa da shi.

Game da abin shafawa kuwa, ka nisanci baƙin mai. Guba ne ga wannan shimfiɗi mai laushi da ke bakin raunin, alhali daga nan ne sabon nama zai tsiro ya riƙa rufe wurin kaɗan-kaɗan. Haka fenti da kwalta. An daɗe ana shafa su a duniya da zaton suna hana ruɓewa, har sai da binciken Alex Shigo, wani masanin itatuwa na hukumar gandun dajin Amurka, ya nuna tun a shekarun 1970 cewa ba sa hana ruɓewar, kuma bishiya da kanta take gina shinge a cikin itacenta ta killace wurin da ya lalace. Kashin shanu da laka ba guba ba ne, kuma na fahimci dalilin da ya sa iyayenmu suke amfani da su, domin suna hana sabon rauni bushewa a iskar hunturu. Sai dai naka raunin ya riga ya bushe, kuma laka a jikin busasshen itace gayyatar gara ce, ga shi za ta ɓoye maka ramukan ƙwaron da ke huda mangwaro, wanda alamarsa ita ce garin itace kamar dusa a gindin bishiya. Abin da ya kamata ka yi shi ne ka sami wuƙa mai kaifi da tsabta ka gyara bakin raunin, ka cire ɓawon da ya ɗago ya mutu kaɗai ba tare da ka ƙara faɗin raunin ba, ka bar wurin ya sha iska. Ga sauran masu karatu: da a ranar da aka yi ɓarnar aka tarar da ɓawon yana ɗanye, ana iya mayar da shi mazauninsa yadda yake, samansa a sama, a ɗaure da tsumma, wani lokaci yakan kama.

Dabarar da ke ceton irin wannan bishiya ita ce a yi wa raunin gada, kuma aikin ɗan'uwan auren mangwaro ne da masu sayar da dashe suka saba yi, wato haɗa tsiron wata bishiya da jikin wata har su manne su zama ɗaya. Ana yanko lafiyayyun tsirrai daga jikin bishiyar kanta, masu kaurin fensir, waɗanda suka ɗan fi raunin tsawo, a fiƙe kowane baki a karkace, a cusa baki ɗaya a ƙarƙashin ɓawon da ke ƙasan raunin, ɗayan kuma a ƙarƙashin ɓawon da ke samansa, a kafe su da siraran ƙusoshi, a toshe mahaɗar da kakin zuma, a naɗe da leda don kada iska ta busar da su. Dole ne kowane tsiro ya tsaya yadda yake a jikin uwarsa, gindinsa a ƙasa, kansa a sama, kuma a bar shi da ɗan lanƙwasa domin kada ya zare idan iska ta kaɗa bishiyar. Ana jera su a zagaye, tsakanin kowane biyu kamar faɗin yatsu huɗu. Waɗanda suka kama sukan yi kauri shekara bayan shekara, su zama sabuwar hanyar da abinci ke bi. Akwai kuma wata hanyar da nake ganin ta fi dacewa da mangwaro, wato a dasa 'yan mangwaro uku ko huɗu dab da gindin babbar, a fiƙe kawunansu a aurar da su ga ɓawon da ke saman raunin, ta yadda bishiyar za ta sami sababbin saiwoyi.

Kada a yi wannan aiki yanzu cikin hunturu, lokacin da ɓawo ya ƙame a jikin itace kuma iska ke busar da komai cikin sa'o'i. A jira saukar damina, wajen watan Mayu zuwa Yuni, sa'ad da bishiya ke fitar da sabon ganye kuma ɓawo ke ɗagowa cikin sauƙi. Tun da a Zariya kake, ba ka yi nisa da masana ba, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ga kuma sashen gona da gandun daji na ƙaramar hukuma. Amma sau da yawa tsohon mai lambun da ya shekara ashirin yana auren mangwaro da gwaiba ya fi kowa hannun wannan aiki. Ba kowace gada ke kamawa ba, musamman a tsohuwar bishiya mai kaurin ɓawo, shi ya sa ake yin su da yawa.

Kafin damina, aikinka shi ne rage mata nauyi. Na san da wuya, amma ka kakkaɓe mafi yawan hudar nan da 'ya'yan da za su biyo baya, domin bishiyar da ke fama da rauni ba ta da rarar da za ta ciyar da kaya. Ka ba ta ruwa mai yawa sau ɗaya a mako, ba a jikin gindinta ba, a'a, a daidai inda inuwarta ke tsayawa da tsakar rana, domin a can ne ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa suke. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a wurin, nesa da jikinta. Kada ka zuba takin zamani da niyyar ƙarfafa ta, zai sa ta tura sabon ganyen da saiwoyi ba za su iya ɗauka ba. Ka kuma duba gindin da kyau ko akwai ramukan da aka huda, ko warin kananzir ko fetur, ko farin ɓurɓushin gishiri a ƙasa. In ka ga mai, ka kwashe ƙasar da ta jiƙe da shi ka sa sabuwa, in gishiri ne, ka yawaita ruwa ya wanke shi.

Sai maganar maƙwabci. Ba ka gaya mini ko ka tarar da sassaƙen a zube a gindin bishiyar ba, kuma wannan tambaya tana da muhimmanci. Mai neman sassaƙen magani, irin waɗanda suka fere maɗatan da ke bakin titunan garuruwanmu, yakan ɗaye ɓawo a tsaye, falle-falle, ya kwashe abinsa ya tafi da shi, kuma ana neman sassaƙen mangwaro kamar yadda ake neman na maɗaci. Wanda ya zo da niyyar kisa kuwa yakan sari bishiya a ƙasa-ƙasa, a zagaye, saransa yana shiga cikin itacen, ya bar guntaye a warwatse. Yadda ka kwatanta raunin ya fi kama da na biyu, amma ko da hakan ne, siffar rauni tana nuna niyya ce, ba ta nuna mai hannun. Gidan da aka rufe mako biyu kowa ya san a rufe yake. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma a gaban alƙali, ƙorafin da mutum ya taɓa yi a kan rassa ba hujja ba ce cewa shi ya ɗauki gatari.

Ka ɗauki hotunan raunin da waya daga kowane ɓangare, da igiyar awon a jikinsa, ka kira mutum biyu masu mutunci su gani da idonsu, sa'an nan ka sanar da mai unguwa cewa an shiga gidanka an yi ɓarna, ba tare da ka ambaci sunan kowa ba. Sau da yawa a nan ne wanda ya ga wani abu yakan buɗe baki. Idan shaida ta bayyana, doka tana tare da kai. Sashe na 326 na kundin hukunta laifuka na Arewa, wato Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya bayyana lalata dukiyar wani da gangan a matsayin laifi, sashe na 327 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun, ban da laifin shiga gida ba da izini ba. Jihar Kaduna ta sake nata kundin a 2017, don haka lauya ne zai nuna maka sashen da ke aiki a wurinku. A shari'ar Musulunci ma wanda ya lalata dukiyar wani shi ne zai biya, gwargwadon abin da ƙimarta ta ragu, kuma a nan takardar da malamin gona zai rubuta game da shekarun bishiyar da yawan abin da take bayarwa a shekara za ta yi maka amfani.

Amma akwai wani ɓangare da ba zan ɓoye maka ba. Hadisin nan na ba cuta ba cutarwa, wanda Imamu Malik ya ruwaito, yana kare ka, yana kuma kare maƙwabcinka. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa maƙwabci yana da haƙƙin neman a sare rassan da suka shiga sararin gidansa suna cutar da shi, kuma daga wasiƙarka ban ga inda ka ce ka taɓa amsa ƙorafinsa ba. Ko shi ya yi ko ba shi ba ne, ka je da mai unguwa ku duba katangar tare, ka sa a rage rassan da suka tsallaka, da zarto, ba da adda ba, a yanka su a tsabtace dab da mahaɗarsu.

Daga nan sai ka sa ido a kan bishiyar har damina biyu. Idan ka ga bakin raunin yana kumburowa kamar leɓe yana shigowa ciki, tana ƙoƙarin warkewa ke nan. Idan kuwa manyan rassa suka fara bushewa daga sama, ɓawo yana ɗayewa da kansa, ko naman kaza ya tsiro a gindinta, to, kada ka jira guguwar farkon damina ta kayar da ita a kan katangar da ake rigima a kanta; ka kira masu injin yanka su sauke ta reshe-reshe. Kuma tun a wannan daminar, ranar da mai auren ya zo yin gadar, ka sa ya ɗebi 'yan tsirrai daga rassanta ya aurar da su a kan ƙananan dashe guda biyu ko uku, domin ƙwallo ba kullum yake fitar da irin uwarsa ba, amma ɗan aure mangwaron da mahaifinka ya dasa ne sak, kuma cikin shekara uku zuwa huɗu zai fara ba da 'ya'ya.