Ku Tambayi Anti: Shekara biyu da kashe ƙanwata, har yau shiru

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Ina rubuto miki daga wani ƙauye a yankin Garwa. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta 15, ta fita tallan gyaɗa ranar kasuwa ba ta dawo ba, sai washegari masu kiwo suka tsinci gawarta a bakin mayo, wato rafi, farantin tallan na gefe, silifas ɗinta ƙafa ɗaya ma ba a gani ba. Jandarmomi sun zo sun yi rubuce-rubuce, an kai ta asibiti aka ba mu muka yi mata sutura, sun kama samari biyu bayan sati suka sake su, shikenan. Yau shekara biyu. Garin namu ƙarami ne kowa ya san kowa, ana ta raɗa amma ba mai faɗa a fili. Baffa ya ce a bar wa Allah, wata maƙwabciya kuma ta ce mu je wajen mai duba. Innarmu har yau in ta raba tuwo sai ta zuba a kwanonta ta rufe. Anti maganar nan ta mutu ke nan? In na tada ita na saɓa wa manya?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙanta ya ba Inna dangana. Wallahi kwanon nan da kika ambata shi ya tsaya min a wuya, na daɗe ban iya ci gaba da karatun ba.

Maganar ba ta mutu ba. A dokar shari'ar laifuka ta Kamaru ta 2005, babban laifi irin kisa sai ya shekara 10 ba a taɓa dosiyensa, wato fayil ɗin binciken, ba kafin a ce lokaci ya wuce, kuma duk sanda aka yi wani aikin bincike a hukumance lissafin sabo yake komawa. Kinga kuna da lokaci, amma kar ki ga shekara 10 ki saki jiki, shaidu suna mantuwa, suna ƙaura, wasu su rasu.

Ki samu namiji ɗaya mai nutsuwa a dangi ku koma birgad, wato ofishin jandarmomin da suka zo ranar, ku nemi lambar dosiye da ranar da aka tura shi ofishin furokira, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati, don duk abin da jandarma ya rubuta can yake ƙarewa. Ku tambayi takardar likitan da ya duba ta. Sannan a rubuta wa furokira wasiƙa da Faransanci, kofi biyu, ɗaya a buga muku hatimi ku dawo da ita gida, kar ku yarda da "za mu duba" na fatar baki. In nan ma shiru, akwai ƙofar da yawancin mutanenmu ba su sani ba: iyayenta na da ikon kai ƙara kai tsaye gaban alƙali mai bincike, sunanta plainte avec constitution de partie civile, ki riƙe sunan nan haka. Za a yanka muku kuɗin ajiya a kotu, in babu hali dokar 2009 ta tanadi taimakon shari'a ga marasa ƙarfi, ku tambaya a ofishin magatakardan kotu. Hukumar kare haƙƙin ɗan adam ta ƙasa tana da layin kyauta 1523, ƙungiyar ALVF ta Marwa mai yaƙi da cin zarafin mata kuma tun 1996 take tsaya wa mata da 'yan mata, ko ba yankinku ba ne za su nuna muku hanya.

Mai duba kam a'a, dan Allah ƙanwata. Suna zai jefo miki, a ƙauye kuwa suna in ya fita ba ya komawa, sai a wayi gari an ƙona gidan wanda bai ji ba bai gani ba, mai laifin na gefe yana kallo. Haka Facebook, kar ki saka sunan kowa ko hoto.

Amma raɗar nan ita ce ta fi damuna. Ranar kasuwa ce fa, rana tsaka, yarinya da faranti a ka, a ce ba ɗan acaba ko mai shayi ko ƙawar talla ɗaya da ta ga wanda ya kira ta? Akwai wanda ya gani, tsoro ne ko kunyar dangi ta rufe masa baki. Ku je wajen liman da jauro, wato mai garin, ku roƙi liman ya taɓo ayar Baƙara ta 283 a huɗuba, inda Allah ya hana ɓoye shaida ya ce mai ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Ƙawayenta kuma ke za ki zauna da su a ɗaki ba gaban maza ba, a hankali, abin da suka faɗa a kai wa mai bincike, kar ya bi gari.

Baffa kuwa kar ki yi masa tsaye, shi ma ciwon yake ji, wataƙila tsoron fitina ne. Ki sa wanda yake jin nauyinsa ya gaya masa cewa yarda da ƙaddara daban, yafe jini daban, kuma wanda ya yi wannan yana nan yana yawo cikin 'ya'yan mutane masu fita talla gobe.

Kwanon Inna ki bar mata, kar kowa ya hana ta. In ta rufe ki ɗauka ki miƙa wa almajiri da sunan marigayiya, ki gaya mata kin yi. Ki sake rubuto min in kun samo lambar dosiyen.