Amsa: Wane ne golan Girka mai furfura na 2004?

Ɗan'uwa, wanda kake tambaya, golan da ya tsare wa Girka raga har ta ɗauki Kofin Turai a Fotugal, sunansa Antonis Nikopolidis. An haife shi a garin Arta a 1971, ka ga ke nan shekararsa 33 kacal a lokacin. Furfurar ce ta yi masa sammako.

Ya koma kulob ɗin Panathinaikos a 1989, ya yi shekaru yana ɗumama benci a bayan wani gola ɗan Foland, Wandzik, kafin a sakar masa raga. Abin mamaki, dab da gasar ta 2004 ma ba ya bugawa, saboda saɓanin kwantiragi da kulob ɗinsa. Amma kocin Girka, Otto Rehhagel, ya ce shi yake so. Faransa, Cek, sannan Fotugal a wasan ƙarshe, duk 1-0 aka ci su, ba wadda ta zura masa ƙwallo. Gaskiya 'yan bayansa sun rufa masa asiri sosai, amma shi ma ba ya rawar jiki.

Daga nan ya tsallaka Olympiacos, abokiyar gabar tsohon kulob ɗinsa, aka yi ta zaginsa. Wasan da ni na fi tunawa shi ne ƙarshen Kofin Girka na 2009 da AEK: an tashi 4-4, fenariti ya kai 15-14, kuma shi da kansa, da safar hannunsa, ya buga ta ƙarshe. Ya buga wa ƙasarsa wasa 90, ya ajiye ƙwallo a 2011.