Amsa: Wace ƙungiya ce ta masoyan kiɗan Max Steiner?

Malam, ka tambaya ko da gaske an taɓa kafa ƙungiya don mai kiɗan fim ɗaya tak. Ƙwarai kuwa. Max Steiner, haifaffen Biyana, babban birnin Ostiriya, da ya koma Amurka, shi ya yi kiɗan fina-finan King Kong a 1933 da Casablanca a 1942, ya kuma ci Oska, babbar lambar yabon fina-finai ta Amurka, sau uku.

A 1965 wani Ba'amurke, Albert Bender, ya kafa Max Steiner Music Society, Steiner na raye, don sai 1971 ya rasu. Bender ɗin nan fa shi ne wanda a baya ya yi suna da zancen jiragen halittun wata duniya, har ya ce wasu mutane uku masu baƙaƙen kaya sun ja masa kunne ya yi shiru. Ka ji mutum!

Mambobin ƙungiyar sun bazu a ƙasashe da dama. Suna buga mujalla, suna tattara kiɗansa da aka naɗa, a zamanin da in fim ya bar silima sai ka nemi kiɗan ka rasa. A ganina wannan ne babban aikinsu. Da aka miƙa takardun Steiner ga Jami'ar Brigham Young a 1981, sai ƙungiyar ta naɗe tabarmarta.