Keto ko motsa jiki, wanne yafi rage ƙiba?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, dan Allah shawara nake nema. Shekarata 38, nauyina kilo 94, wata uku kenan kullum da safe sai na fita tattaki na minti 30 amma kilo ɗaya tak na rage. Sai ga wata ƙawata ta fara tsarin nan da ake cewa keto, ta bar shinkafa da burodi da duk wani abu mai sitaci, daga nama sai ƙwai sai mai, ko ƙofar gida bata fita amma cikin sati biyu ta zubar da kilo 4. Ni yanzu wallahi duk na karaya. In haƙura da tafiyar nan ne in koma irin nata?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, sannu da ƙoƙari. Wata uku kullum mutum yana fita ba ƙaramin abu bane, kuma dan Allah karki bari. Saidai gaskiyar magana tafiya ita kaɗai ba zata kai ki inda kike so ba, rage ƙiba daga abinda ke shiga baki yake farawa.

Bari mu ɗan yi lissafi ki ga ba jikinki bane yaƙi ki. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke baiwa jiki) wajen 7,700. Mace mai nauyinki in tayi tafiya da ɗan sauri na minti 30 abinda take ƙonawa bai wuce kalori 150 zuwa 200 ba. Ki ɗauki 150 ɗin ki ninka da kwana 90, 13,500 kenan, ko kilo biyu bai cika ba. Kinga ashe kilo ɗayan da kika rage bai yi nisa da lissafi ba. Kuma gwangwanin lemo guda ɗaya kalori wajen 140 ne, wato tafiyar safiyar gaba ɗaya minti biyu ya isa a shanye ta. Ga kuma abinda mutane basa lura dashi, in an dawo daga motsa jiki yunwa na ƙaruwa, a ɗan ƙara loma ba tare da an sani ba, sannan a wuni a zaune saboda ai an riga anyi na yau. Jikin ma kansa yana da nashi tsimin. Wani masani Herman Pontzer ya auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta ne masu wuni suna yawo a daji, sakamakon ya fito a 2012, aka ga in an yi la'akari da girman jiki kalorin da suke ƙonawa a rana kusan ɗaya ne da na mutanen Amurka da Turai masu zaman ofis. Mafi yawan abinda jiki ke ƙonawa dama ba a wajen tafiya yake tafiya ba, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari zuciya da ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda da sauran aikin cikin jiki ne ke cinye shi ko kina kwance.

Toh sai maganar kilo huɗun ƙawarki. Ba ƙarya sikelin yayi mata ba, amma yawancin abinda ya fita a sati biyun nan ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, ana ce masa gilaikojin, wajen giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da zaran an yanke sitaci jiki zai cinye wannan ajiyar, ruwan ya biyo fitsari, ƙoda ma ta ƙara fitar da gishiri tare da ruwa saboda insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, ya sauka. Shi yasa masu farawa suke ta zaryar banɗaki a kwanakin farko, ga ciwon kai ga jiri ga kasala, wani ma ƙafarsa na ɗaurewa da dare. Ranar da ta koma cin shinkafa kwana biyu uku wannan ruwan zai dawo, taga kilo ɗaya ko biyu sun hau ta zata kitse ne. Dan haka karki gwada wata ukunki da sati biyunta, ki bari sai ta shekara tukunna.

Amma ban ce tsarin baya aiki ba fa, yana yi, kuma ina ganin wanda ya amfana sosai. Abinda nake so ki gane shine dalilin da yasa yake aikin. Mutum in ya bar sukari da lemon kwalba da burodi da biskit da su kek, ai ya bar mafi yawan abubuwan da ake ci ba dan yunwa ba. Sannan ƙwai da kifi da nama suna riƙe ciki, sai kiga mutum ya ci da safe har la'asar bai tuna da abinci ba. A taƙaice ci yake ragewa ba tare da ya ji azabar yunwa ba, kuma wannan babban abu ne. Inda ban yarda ba shine da ake cewa wai tunda insulin ya sauka to a ci mai iya son rai ba zai zama kitse ba. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4, na furotin (sinadarin gina jiki da ke cikin nama da ƙwai da wake) 4, cokalin cin abinci ɗaya na mai kalori wajen 120. In kika ci fiye da abinda jiki ke buƙata zai ajiye, ko daga mai ya fito ko daga shinkafa. Wani masani Kevin Hall ya sha gwada wannan a Amurka, a ajiye mutane a asibiti ana auna duk lomar da suka ci, in kalori da furotin ɗaya ne kitsen da ake zubarwa bambancinsa kaɗan ne ƙwarai tsakanin mai rage sitaci da mai rage mai.

Akwai kuma binciken jami'ar Stanford na Christopher Gardner da ya fito a 2018, mutum 609 aka raba gida biyu har tsawon shekara guda. Masu rage sitaci sun sauke kilo 6.0 a matsakaici, masu rage mai kilo 5.3, tazarar da ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Abinda yafi ɗaukar hankalina a ciki, duka ɓangarorin biyu an ce musu su rage sukari da farar fulawa su yawaita ganye, kuma a kowane ɓangare akwai wanda ya zubar da sama da kilo 20 akwai wanda ma ƙaruwa yayi. Kenan tambayar da zaki yiwa kanki ita ce wanne zan iya riƙewa wata da watanni. Keto na asali sitacin rana baya wuce giram 50, wato shinkafa kofi guda ta kusa cinye kason, kuma tun 1921 da aka tsara shi dan masu farfaɗiya aka yi, a ƙarƙashin kulawar likita. Mutane da yawa basa iya jurewa, wata biyu uku sun watsar.

To me ya rage wa motsa jiki kenan? Abu mai yawa wallahi, kawai sikeli ne baya nunawa. Duk mai rage nauyi da abinci kaɗai ba kitse zalla yake zubarwa ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abinda ya fita tsoka ce da makamantanta, kuma tsoka in ta zube ƙarfi ya ragu, abinda jiki ke ƙonawa ma ya ragu, ƙibar ta samu hanyar dawowa. Motsa jiki musamman na ɗaga nauyi shi yake tsare wannan tsokar. Yana kuma rage kitsen cikin tumbi wanda ke kewaye da hanji da hanta, shine mai haɗarin, ko da nauyi bai motsa ba. Yana sauke hawan jini, yana sa jiki ya riƙa jin insulin, barci ya gyaru. A Amurka akwai wani kundi da aka buɗe tun 1994 na mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da ɗoriya kuma suka riƙe sama da shekara, kusan kashi 90 cikin ɗarinsu suna motsa jiki kamar awa ɗaya kullum. Sai binciken rigakafin ciwon suga na 2002, masu haɗarin kamuwa aka sa musu burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a sati, kamuwa ta ragu da kashi 58. A naki nauyin kashi bakwai ɗin nan kilo shida da rabi ne kacal.

Da ni ce ke, bazan faɗa keto mai tsauri ba. Zan fara da abin sha, duk mai zaƙi ya fita, ruwa da shayi ba sukari. Sitacin faranti ki raba shi biyu ki ajiye rabi, gurbin ki cike da ganye da wake ko ƙwai ko kifi ko kaza, kowane cin abinci ya zama da furotin a ciki. Mai ki riƙa aunawa da cokali kina zubawa, karki tuttula daga gora. Tafiyarki ta minti 30 kullum ta riga ta cika minti 150 zuwa 300 a sati da Hukumar Lafiya ta Duniya take so, saura kwana biyu a sati na ƙarfafa tsoka, ko zauna-tashi daga kan kujera da tura bango da ɗaga gorar ruwa sun isa a farko. Rabin kilo a sati ci gaba ne mai kyau. Ki samu tef ki riƙa auna ƙugunki daidai cibiya duk sati biyu, sau da yawa shi yake fara nuna canji kafin sikeli.

In kuma kin ga keto ɗin kike so ki gwada, ba laifi, amma baki faɗa min ko kina shan wani magani ba kuma wannan yafi komai muhimmanci. Mai allurar insulin ko mai shan maganin suga irin su gliclazide da glibenclamide suganta zai iya faɗuwa warwas in ta yanke sitaci ba a rage mata magani ba. Masu shan dapagliflozin ko empagliflozin kuwa, suma magungunan suga ne, jininsu zai iya yin tsami mai haɗari ko da awon suga na nuna lafiya lau. Mai juna biyu, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda ko hanta, duk kar su fara sai likitansu ya sa hannu. Kuma man ya zama irin na zaitun da kifi da gyaɗa da abokado yafi yawa, ba bota da kitsen nama ba, dan wasu mugun kolesterol ɗinsu yana tashi sosai a wannan tsarin basu ji komai a jikinsu ba. Ki yi awon suga da kolesterol da hawan jini kafin ki fara, ki maimaita bayan wata uku, ita ma ƙawar taki dan Allah ki isar mata da wannan saƙon na awo.