Salula na iya gane hatsi na jin ƙishirwa kafin ganye ya yi yaushi?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a nan Maradi, gonar babanmu tana wajen Tibiri. Bana ruwa ya ɗauke mana a tsakiyar damina hatsi ya sha wuya, sai abokina ya turo min wani aplikasiyon ta WhatsApp wai in na ɗauki hoton ganye zai faɗa min ko shuka na jin ƙishi tun kafin ta nuna. Da gaske ne ko in bar ɓata megana?

Amsa: Ɗan'uwa Allah ya kyauta, amma wannan kam ajiye shi. Kamarar salularka ja da kore da shuɗi kawai take gani, shi kuwa abin da fari ke fara taɓawa yana can cikin ganye, launi bai ma canza ba tukuna.

Ga yadda abin yake. A jikin ganye akwai wasu ƙananan ƙofofi da ido baya gani, ta nan iskar kabon ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita. Da ƙasa ta bushe sai shuka ta rufe su don ta tsimi ruwanta, to iskar ta ragu kenan, furotin ɗin da ake kira Rubisko wanda shi ke kama iskar a yi abinci da ita sai aikinsa ya ja baya, ita kuma rana ba ta fasa dukan ganyen ba, ƙarfin haske na ta shigowa babu inda za a kai shi. Wanda ke shan wuyar shi ne wani furotin mai suna D1, kamar fiyus ɗin wuta yake, ko lafiya lau kullum cikin lalacewa yake ana cire shi ana sa sabo, amma in fari da zafi sun haɗu gyaran ba ya iya cim ma ɓarnar. Hatsi da dawa suna da wani ƙarin furotin da ke tara wa Rubisko iska, shi ya sa suke cin moriyar ruwa kaɗan fiye da shuka irin gujiya.

Ana auna wannan, amma da na'ura ta daban. Akwai MultispeQ da aka ƙirƙiro a jami'ar jihar Mishigan ta Amurka, ana maƙala ta a ganye ta haska shi ta auna ɗan hasken da ya dawo, sannan ta tura wa waya ta Bluetooth. Lafiyayyen ganye, in an ɗan rufe shi cikin duhu kafin awo, yana ba da lamba kusan 0.8, kuma wannan lambar ma sai fari ya yi tsanani take sauka sosai. Abin da ya fi saurin nunawa zafin ganye ne, don in ƙofofin sun rufe ganye ba ya hucewa, kamarar zafi irin FLIR One da ake soka wa waya tana ganin haka. Tunda kai ɗalibi ne ka tambayi malaman aikin gona na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, na Tarna irin kayan awon da suke aiki da su.

Na kyauta akwai hotunan tauraron ɗan adam Sentinel-2, masu nuna lafiyar shuka daga sama, a shafin intanet na Copernicus Browser, duk kwana 5, kowane ɗigo mita 10 ne a ƙasa, sai dai hadari na rufe shi da damina, kuma gonakinmu da hatsi da wake da gawo duk a haɗe suna rikita lissafin. Ya fi amfani ga masu noman rani a Jiratawa.

Aplikasiyon irin Plantix da makamantansa tabon cuta da ɓarnar tsutsa suke ganewa, nan kam suna taimakawa. Batun ƙishi kuwa ka je gonar da sassafe, in ganye ya nannaɗe da rana ya buɗe da asuba da sauƙi, in har asuba yana nannaɗe to abin ya yi nisa. Shi kuma wancan fayil na WhatsApp kar ka buɗe shi, in ka riga ka sa shi ka goge, musamman in ya nemi izinin karanta saƙonninka, ta haka ake sace lambar sirri ta asusun kuɗin waya.